Furofela ma tana jin ƙishirwa



Yau maganarmu a ƙarƙashin mota take. Tsohuwar Land Cruiser ko Hilux, irin masu keta yashi daga Agadas zuwa Bilma. Kowa yana tuna baƙin mai. Wa yake tuna furofela? Ita ce fa ke kai ƙarfin inji ga tayoyi.

Direba, saurara da kyau. Ka sa giya ka ji "ƙwas" a ƙasa? Ka ɗau gudu kujera tana karkarwa? Sau da yawa kuros ɗin furofela ne ya bushe. Yashi ya shiga, ruwan damina ya wanke giris, ƙarfe yana cin ƙarfe. Abin yana damuna, domin idan furofela ta tsinke a daji, babu gareji kusa.

To, ka ja birkin hannu, ka sa wa taya dutse, ka shiga ƙasa. Goge bakin giris da tsumma tukuna. Sannan ka ɗura giris. Ka ɗura har tsohon, baƙi ƙirin, ya fito ta kusurwa huɗu, sabo ya biyo shi. Furofelar gaba ma haka. Wurin da take zamewa kuwa, kaɗan ya isa.

Duk ranar da ka ƙetare rafi, ka sake.

Mu kwana nan. Allah Ya kiyaye hanya.