Taswirar Zamani da Haƙƙin Wanda Ba a Gani Ba

Shugaban wannan taro, iyayenmu sarakuna, malamaina, ɗalibai da sauran jama'a, zan yi magana a kan ilimin taswira da inda ya sa gaba a yau.

A da, taswira kayan gwamnati ce da soja da ma'aikatan safiyo. Amurka ta harba tauraron ɗan'adam na Landsat na farko a 1972, amma shekaru da dama sai mai kuɗi ke iya sayen hotunansa. A 2008 aka buɗe rumbun hotunan kyauta ga kowa. Turai ta biyo baya da Sentinel-2 a 2015, wanda yanzu ke ɗaukar hoton kowane yanki bayan kwana 5, kuma ɗigo ɗaya a hotonsa yana wakiltar mita 10 a ƙasa. Nijeriya ma ta harba NigeriaSat-1 a 2003, sannan NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011. Ɗalibi mai kwamfuta da intanet a yau yana iya duba gonar mahaifinsa daga sama, ya gwada yadda take bana da yadda take shekaru goma da suka wuce.

Abin da nake so mu tafi da shi gida shi ne: wanda ba ya cikin taswira ba ya cikin lissafi, wanda kuwa ba ya cikin lissafi ba ya cikin rabo. Zan kawo shaida biyu.

Ta farko yaƙi da shan-inna ne. Shekara da shekaru masu ɗigon rigakafi a arewacin Nijeriya suna fita da taswirar da aka zana da hannu, bisa abin da mutum ya iya tunawa. Tungar da ke bayan kogi ko rugar da ke kan iyakar mazaɓu biyu sai ta faɗa tsakani, kowane ɓangare na zaton ta ɗayan ce, yaran cikinta kuwa ba wanda ya je musu. Daga wajen 2012 aka fara bin hotunan tauraron ɗan'adam ana fito da kowane rufin ɗaki, sannan a tura mutane da na'urar GPS su tambayo sunan wurin. Aka kuma ba ma'aikata wayoyi masu nuna inda ƙafarsu ta taka, ta yadda da yamma za a ga unguwar da aka tsallake, a koma mata. Wannan na cikin dalilan da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a watan Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali.

Shaida ta biyu daga Nijar take. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, duniya ta yanke cewa hamada ta gama cinye Sahel. Amma manoman Maraɗi da Damagaram suka daina tumɓuke tohon itatuwa a gonakinsu, suna zaɓar reshe mai ƙarfi su sassabe sauran, abin da ake kira sassaben zamani. Gawo ya dawo, itacen da ke zubar da ganyensa da damina ya bar wa gero rana, ya kuma bar wa ƙasa taki. Shekaru aka yi ana wannan aiki ba tare da ya shiga wani babban rahoto ba, sai da Gray Tappan na hukumar nazarin ƙasa ta Amurka ya jera hotunan jirgin sama na 1975 kusa da na shekarun 2000. An ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 sun farfaɗo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Gani ya kori ji. A 2020 kuma Martin Brandt na Jami'ar Kofanhagen da abokan aikinsa suka zana wa kwamfuta itatuwa kusan 90,000 da hannu domin ta koyi gane su, ita kuma ta ƙirga sama da biliyan 1.8 a wani yanki na Sahara da Sahel a Afirka ta Yamma.

Ku lura da abin da ya haɗa shaidun nan. Tauraro yana ganin rufi, bai san sunan gari ba. Yana ganin fili, bai san cewa burtali ne ko maƙabarta ko mashayar dabbobi ba. Wannan sani yana wurin mai unguwa da arɗo da dattawan gari. Idan ba a sa shi a taswira ba, gobe wani zai zo da takarda mai hatimi ya ce wurin babu kowa, kuma takardarsa za a duba.

Saboda haka ina kira ga jami'o'inmu su fitar da ɗaliban ilimin ƙasa daga aji zuwa ƙauyuka, su koya musu aiki da manhajoji na kyauta irin su QGIS. Matasa su shiga OpenStreetMap, taswirar da kowa ke iya ƙara wa bayani tun 2004, su sa rijiyoyinsu da makarantunsu da magudanan ruwansu da sunayensu na gaskiya. Iyayenmu sarakuna su sa a auna burtaloli da makiyaya tun kafin rikici ya tashi. Hukumomi kuma su saki bayanan da aka tara da kuɗin jama'a domin jama'a su amfana.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kayan aikin sun zo hannunmu, mu zana ƙasarmu da kanmu.