Harshen Koriya Da Auyokanci: Amsa Ga Wani Mai Sauraro Daga Auyo

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga garin Auyo na ƙasar Haɗeja a Jihar Jigawa, daga wani malamin makarantar firamare da ya roƙi a sakaya sunansa. Tambayoyi biyu ya aiko. Ya ce ya ji ana cewa harshen mutanen Koriya, wanda yara ke ji a finafinai, ba shi da dangi ko ɗaya a duniya, shin gaskiya ne? Sa'an nan ya ce tsofaffi kan gaya musu cewa Auyo ma tana da nata harshe a da. To shi ma irin wancan ne maras dangi, ko kuwa karin Hausa ne kamar Sakkwatanci da Katsinanci?

To Malam, mun gode. Bari mu fara da na nesa.

Mutum kusan miliyan 80 ke magana da Koriyanci, akasarinsu a Koriya ta Kudu da Koriya ta Arewa, wasu kuma a ƙasar Sin da Japan da Amurka. Abin da ka ji yana da ƙamshin gaskiya. Masana sun daɗe suna neman haɗa shi da harshen Japan, ko da na Turkawa da Mongoliya, amma har yau ba a sami hujjar da ta gamsar da kowa ba. Kalmomin Sinanci sun cika shi maƙil, sun ma fi rabin abin da ke cikin ƙamus, sai dai aro ne, kamar yadda muka aro littafi da alƙalami daga Larabci. Aro kuwa ba ya sa a zama dangi.

Game da gininsa, babban abin da zai ba Bahaushe mamaki shi ne aikatau a ƙarshe yake zuwa. Mu mukan ce "Audu ya sayi goro". Su kuwa sai su jera Audu, goro, sa'an nan saye, su liƙa wa Audu wata 'yar gaɓa mai nuna shi ya yi aikin, su liƙa wa goro wata mai nuna shi aka saya. Kai da ke maƙwabtaka da Mangawa wannan ba baƙon abu ba ne a kunnenka, domin Barbarci ma haka yake ajiye aikatau a ƙarshe. Amma fa kama da wane ba ta wane, babu wata dangantaka tsakaninsu. Ba su raba suna namiji da mace yadda muke cewa rigar Audu amma wandon Audu. Girmamawa kuwa a jikin aikatau take: yadda za ka ce wa ƙanenka "ci abinci" daban, yadda za ka ce wa mahaifinka daban. Suna kuma da baƙaƙe masu kama da juna waɗanda baƙo ke ruɗewa a kansu, irin namu na kafa da ƙafa. Alal misali, bul wuta ce, pul ciyawa, ppul kuma ƙaho.

Da rubutun Sinawa suke amfani a da, wanda sai mai hali da lokaci ke iya koyonsa. A 1443 Sarki Sejong ya ƙago musu baƙaƙe da wasula 28, aka bayyana su ga jama'a a 1446. Guda 24 ake aiki da su yanzu, ana kiran rubutun Hangul. Da Japan ta mallaki ƙasar daga 1910 zuwa 1945, an kai matsayin da aka fitar da harshen daga makarantu, a 1942 kuma aka kame malaman da ke haɗa ƙamusunsa, biyu daga cikinsu suka mutu a kurkuku. Duk da haka harshen bai mutu ba, an kuma kammala ƙamusun a 1957. Ɗan'uwa ɗaya da wasu masana ke ba shi shi ne harshen tsibirin Jeju, wanda wasu ke ɗauka karinsa ne kawai. Shi wannan tun 2010 hukumar UNESCO ta sa shi cikin harsunan da ke bakin kabari, domin tsofaffi kaɗai suka rage masu iya shi sosai.

To wannan hali da harshen Jeju ke ciki yau, shi Auyokanci ya riga ya shiga, har ya wuce. Mu dawo gida ke nan.

Tsofaffinku ba su yi ƙarya ba, Malam. An yi Auyokanci, kuma harshe ne mai zaman kansa, ba karin Hausa ba. Da a ce Bakano zai ji Auyokawan dauri suna hira, da ba zai tsinci kome ba sai ɗaiɗaikun kalmomi. Haka kuma ba maras dangi ba ne kamar Koriyanci. Danginsa na jini su ne harshen Badawa na Gashuwa da kewayenta, da na Ngizimawa na Potiskum, da Duwai da ake yi gabas da Gashuwa. Yana da wasu 'yan'uwa biyu da suka ɓace tare da shi, wato harshen Shira da na Tashena a ƙasar Katagum. Abin sha'awa a nan shi ne tarihin baka ya ce 'yan'uwa uku ne suka zo daga gabas suka kafa Auyo da Tashena da Shira. Ko mutum ya yarda da labarin 'yan'uwan ko bai yarda ba, binciken harshe ya nuna bakin garuruwan nan uku gida ɗaya ya fito.

Ka dubi yadda ruwa ya bi. Kogin Haɗeja ya ratsa ta wajenku, ya bi ta fadamun Haɗeja da Nguru, ya haɗu da ruwan Jama'are, suka gangara Gashuwa. A da, masu irin wannan harshe sun shimfiɗu ne a bin waɗannan koguna, Auyo tana can gefen yamma, ido da ido da Hausa. Har gobe akwai Badawa a cikin Jihar Jigawa, wajen Guri.

Dukkansu, har da Hausa, suna cikin babban gidan da masana ke kira harsunan Cadi, waɗanda suka haura 150 a Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi. Gidan Cadi kuma reshe ne na zuriyar da ta haɗa da Larabci da harshen Azbinawa da na Misirawan dauri. Sai dai a cikin gidan ɗaki-ɗaki ne. Hausa ɗakinsu ɗaya da Gwandara, sashensu ɗaya da Bolanci da Karekare da Angas. Auyokanci yana wani sashe tare da Bade. Wato ke nan Bolancin Fika ya fi kusa da Hausa bisa ga harshen da aka yi a Auyo, ko da yake Garun Gabas, wato Biram ta cikin Hausa Bakwai, tana nan kusa da ku a ƙasar Haɗeja.

Ta yaya aka san wannan alhali babu mai magana da harshen yau? Ta hanyar kwatanta kalmomi. Tun a 1854 wani Bajamushe mai suna Koelle ya buga littafi a kan kalmomin da ya tattara daga bakin 'yantattun bayi a Firitawun ta Saliyo, a ciki har da na Bade da Ngizim da Duwai. A zamanin Turawa kuma aka rubuta ɗan jerin kalmomi na Auyo da Shira da Tashena. Marigayi Farfesa Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya, wanda Hausawa suka sani da Malam Takalmi, ya yi shekaru yana aiki a kan Ngizim da Bade. Shi ya buga ƙamusun Ngizim a 1981, a 2001 kuma ya fitar da nazari a kan waɗannan harsuna uku da ya kira tsofaffin maƙwabtan Hausa na gabas. Ya rasu a 2016.

Saboda haka in kana son ka ji amon bakin kakanninka, kasa kunne ga Babade. Za ka ji abin da ka sani, za ka ji wanda ba ka sani ba. Huɗu, wadda wasunmu ke cewa fuɗu, a Bade da Ngizim kusan haka take, sai dai wasalin farko gajere ne ƙwarai, irin wanda babu shi a Hausa. Mutu ma haka, kusan ɗaya ne, ga kuma Larabci da ke cewa mata, ya mutu. Saniya kuwa tla ake ce mata a Ngizim, da wani sauti da ake fitar da iska ta gefen harshe. Masana na ganin tushensa ɗaya da sa namu na Hausa. Jerin jimla irin namu ne, mai aiki, aiki, sa'an nan abin da aka yi wa, ba irin na Koriya ko na Barebari ba. Suna da hawa da saukar murya mai canza ma'ana kamar mu. Wani abin da ya fi burge ni, mu da muka ɗan taɓa nahawu a kwalejin horon malamai, shi ne Badancin yamma yakan ƙara harafin n a ƙarshen suna idan ba a ayyana shi ba, tamkar tanwini a Larabci. Shi Badancin yamma ya riƙe rabon namiji da mace a sunaye, Ngizim kuwa ya yar da shi.

Saura tambayar da ba ka yi ba amma na san tana ranka: me ya kashe shi? Kafin jihadi Auyo gari ne mai sarkinsa, ɗaya daga cikin ƙananan masarautu bakwai na wannan yanki da ke bin Barno ta hannun Galadima na Nguru. Tsakanin 1805 da 1808 Umaru da ƙanensa Sambo, waɗanda suka karɓo tutar Shehu, suka haɗe yankin, mulki ya tattara a Haɗeja. Malam Zaki kuma ya ci Shira da Tashena ya kafa Katagum. Daga nan fada da kasuwa da makarantar allo da zauren alƙali duk Hausa suke ji. Auyokanci bai gamu da doka irin wadda Japan ta kafa wa Koriya ba, ba a ɗaure kowa saboda shi ba. Harshe irin wannan a tsakar gida yake ƙarewa: kaka ta iya biyu, uwa tana ji amma da Hausa take amsawa, jika kuma sai ya tashi da Hausa zalla. Ni a ganina nan ne bambancin yake. Na Koriya an so a ƙwace musu ne da ƙarfi, suka ankara, ga shi kuma yana rubuce shekara ɗari biyar. Namu a hankali ya zame, babu wanda ya ji zafi balle ya yi kuka.

Ga roƙona gare ka, Malam, tun da alli na hannunka. Harshe in ya tafi yakan bar sawu a sunayen unguwanni da fadamu da tafkuna, da sunayen kifi da ciyayi, da kirarin gidaje, da kalmomin da tsofaffin mata ke faɗa wajen biki ko raino waɗanda ba a san ma'anarsu a Hausa ba. Ka sa ɗalibanka su tambayi kakanninsu, ku rubuta duk irin kalmar da Bakano ba zai gane ba, da sunan garin da aka ji ta, in da hali ku ɗauki muryar a waya. Sa'an nan a sami Babade a karanta masa a ga wadda zai gane. Wasu za su fito Barbarci, wasu Fulatanci, kada wannan ya karya maka gwiwa. Abin da ya rage bayan an tace, a kai wa malaman harsuna na Jami'ar Bayero ta Kano, mu ma a aiko mana mu karanta a wannan fili. Masu sauraronmu na Shira da Katagum, ku ma wannan roƙo ya shafe ku.

Da fatan mun gamsar da kai. A gai da mutanen Auyo. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.