Jihar Kano Daga Idon Mutumin Madachi



Duk taswirar Jihar Kano da aka rataye mana a aji, daga Birni ido yake fara kallonta. Yau ina so mu tsaya a nan Madachi mu dube ta daga kudu.

An kafa jihar a ranar 27 ga Mayu, 1967, zamanin Janar Gowon, Audu Bako ne gwamnanta na farko. A 1991 aka cire Jigawa, yanzu muna da ƙananan hukumomi 44. Takwas ne suka haɗa birnin da unguwannin da ya haɗiye: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Sauran 36 ɗin su ne mu. A rabon sanatoci Kano ta Tsakiya tana da 15, ta Arewa 13, mu na Kudu 16.

To amma ƙasa ba ta bin layin takarda. Gangaren jiharmu daga kudu yake zuwa arewa. A kudu, wajen Doguwa da duwatsun Riruwai inda aka haƙi kuza, damina ta fi tsawo, kuma can dajin Falgore yake. Daga wannan ɓangare Kogin Kano yake saukowa, aka tare shi a madatsar Tiga da aka kammala a 1974, hanyoyin ruwa suka rarraba shi zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, sannan ya haɗu da Challawa ya wuce Wudil. Shinkafa da tumatirin rani da ke cika kasuwannin Birni, wannan ruwan suka sha. Duk wanda ya ga motar tumatir ta doshi Kwanar Dangora ko 'Yan Kaba da asuba, kwanduna har sama an ɗaure da igiya, ya san wa ke ciyar da wa.

Ku dubi manomin Madachi guda ɗaya. Mazaɓarsa tana cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Rano. Ɗan majalisarsa na tarayya na Rano da Bunkure da Kibiya ne. Ta fuskar sarauta kuwa, abin ya yi ta juyawa a idonmu: a 2019 aka ɗaga Rano, ɗaya daga Hausa Bakwai, ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, a 2024 aka rushe dokar da ta ɗaga ta, aka dawo da ita da daraja ta biyu. Duk wannan juyi bai cike ramin hanyar da yake bi da amalanke zuwa kasuwa ba. Wannan ne yake ci mini rai.

Shi ya sa, ko da ina girmama masu fafutukar kafa Jihar Tiga, na fi damuwa da matakin da ya fi kusa da mu. A watan Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Rano da Kibiya maƙwabta ne, auratayya da cin kasuwa sun haɗa su, amma kowacce kasafinta daban. Roƙona ga shugabanninsu biyu shi ne su zauna tare kafin damina, da kansilolin mazaɓun kan iyaka, su lissafa hanyoyi da kwalbatocin da ke tsakaninsu, su manna jerin a ƙofar sakatariya inda kowa zai karanta.