Yadda Ake Koya wa Matasan Kaji Kwana Cikin Akurki



Maganar da na zo da ita yau ƙarama ce a baki, amma duk wanda ya taɓa wayar gari ya tarar da gashin kajinsa a bakin kwata ya san ba ƙarama ba ce a aljihu. Tun zamanin shirin Ciyar da Ƙasa na 1976 hukuma take kira ga kowane gida ya yi ɗan noma ko ɗan kiwo a bayan ɗaki, kuma jama'armu mazauna Fatakwal da Anaca da Inugu ba a bar su a baya ba. A Diobu, da wajajen titin Bida a Anaca, da Asata da Garki a Inugu, gidaje da yawa ba su rasa 'yan kaji da ke kiwo a tsakar gida. Kukan da aka fi yi kuwa guda ɗaya ne, watau an kashe kuɗi an yi akurki, amma da magariba ta yi sai matasan kajin su haye bishiya, ko katanga, ko su shige ƙarƙashin mota. Abin da nake so ku riƙe shi ne, kwana cikin akurki abu ne da ake koya wa kaza, kuma mako guda na haƙuri ya isa.

Dalilin da ya sa suke ƙi

Asalin kazar gida wata tsuntsuwar daji ce ta kudu maso gabashin Asiya, wadda take kwana a kan reshe don tsoron namun dawa. Har yanzu wannan hali yana jikin kajinmu. Da rana ta yi ƙasa sai kaza ta nemi wuri mai tudu, domin idonta ba ya gani sosai cikin duhu, kuma inda ta kwana jiya nan za ta nufa yau. A ƙauye uwa ce take jan 'yan tsakinta zuwa makwanci har su yi mako shida ko takwas ta yaye su. To, yawancin kajin da muke kiwo a nan Kudu ba su da uwa. Waɗansu an ƙyanƙyashe su ne a inji aka rene su cikin kwali, waɗansu kuma an ɗauko su a mota daga Arewa aka sauke su a gidan da ba su sani ba. Wanda ya saye su shi ne ya zama uwarsu, ko ya sani ko bai sani ba.

Abin da kwanan waje yake jawowa

Sai mu tuna ƙasar nan ba irin tamu ta Arewa ba ce. Ruwan da ake yi a Fatakwal cikin shekara ya wuce milimita 2,000, ya ninka na Kano fiye da sau biyu, kuma damina takan kai wata takwas ko fiye. Matashiyar kaza da ruwa ya kwana yana dūka, gashinta bai gama cika ba, sanyi yakan kama ta, cuta kaɗan sai ta kayar da ita. Ga muzuru da gafiya da maciji da kare, ga kuma ɓarawo mai ƙafa biyu wanda ya san kaza ba ta gudu da dare.

Akwai kuma abin da ya fi asarar kuɗi. Yawancinmu haya muke, tsakar gida ɗaya da mutanen da harshenmu da al'adarmu suka bambanta. Kazar da ta kwana a kan igiyar shanyar maƙwabci ta ɓata masa tufafi, ko zakaran da ya yi cara a tagar mai gida da tsakar dare, suna iya haddasa husumar da sai ta kai gaban Sarkin Hausawa. Zama lafiya ya fi zama ɗan sarki, balle ga wanda yake neman abincinsa nesa da garinsu.

Waɗansu kuma sukan ce maganin abin shi ne a shigar da kajin kicin ko ɗakin kwana. Wannan kuskure ne babba. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a Jihar Kaduna, karo na farko a Nijeriya, kuma a farkon 2007 aka tabbatar ta kashe wata mata a Legas. Kaza da ɗakinta, mutum da nasa.

A fara gyara akurkin

Kafin a zargi kaza da taurin kai, lalle ne a duba ɗakin da aka yi mata. A nan Kudu akurki yana bukatar a ɗaga shi daga ƙasa kamar ƙafa biyu, saboda laima da ambaliya, musamman a Anaca da ke bakin kogin Kwara. Rufin kada ya yi yoyo. A bar tagogi a sama a rufe su da waya mai ƙananan ido, iska ta ratsa amma ɓera ba zai shiga ba. Idan ka sa kanka ciki warin kashi ya sa idonka hawaye, to, kaza ma haka take ji. A shimfiɗa garin katako ko ɓuntun shinkafa, a riƙa sauyawa da zarar ya jiƙe. Ƙafafun akurkin kuwa a tsoma su cikin gwangwani mai baƙin mai, don hana kwarkwasa hawa, gama tana iya gamawa da 'yan kaji a dare ɗaya.

Sa'an nan a gitta sandar hawa. Kaurinta ya kai kamar inci biyu, a goge ta kada ta zama da tsini. Ga matasa a sa ta ƙafa ɗaya ko ɗaya da rabi daga daɓe, a ɗaga in sun girma. Kowace kaza a ba ta wurin da ya kai inci takwas a kan sandar. In akwai manyan kaji a yi sanda biyu, domin manya sukan tsattsagi ƙanana su hana su shiga.

Idan kajin da suka saba shiga suka daina haka kawai, a zo da tocila da dare a haska ƙarƙashin sanda da tsagogin katako. Akwai waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwari jajaye da suke ɓuya da rana, su fito da dare su sha jinin kaza. In an gan su sai a kwashe shimfiɗar a ƙone, a wanke katakon da ruwan zafi, a nemi maganin feshi wurin malamin dabbobi.

Mako guda na horo

Mataki na farko shi ne kulle. Ranar da aka kawo kajin, ko ranar da aka fitar da su daga kwali, a sa su cikin akurki da ruwa da abinci, kada a sake su har kwana uku zuwa bakwai. A tabbata akurkin yana inuwa kada zafi ya galabaitar da su. Cikin kwanakin nan za su ɗauki wurin a matsayin gidansu.

Na biyu, ranar da za a fara sakinsu kada a buɗe da safe. A bari sai bayan la'asar, saura kamar sa'a ɗaya rana ta faɗi. Ba za su yi nisa ba duhu zai kore su su komo. Kowace rana sai a riƙa ƙara musu lokaci.

Na uku, a mai da babban abincinsu na yamma. Dusa ko tsakin masara a zuba shi cikin akurkin, ba a tsakar gida ba, a lokaci ɗaya kullum, da kira iri ɗaya ko kaɗa gwangwani. Wannan aiki ne da za a iya ɗora wa yaro guda ya riƙe kafin ya tafi sallar magariba. In cikin akurkin ya riga waje yin duhu, a rataya 'yar fitila mai batir na ɗan lokaci. Kada a yi amfani da aci-bal-bal ko kyandir, saboda gobara.

Na huɗu, wadda ta ƙi shiga kada a bi ta da gudu ko jifa, domin tsoro zai sa ta ƙara ƙin wurin. A jira bayan isha'i, lokacin da ta lafa, a ɗauko ta da hannu biyu an danne fukafukanta, a ɗora ƙafafunta a kan sanda. A yi haka dare uku ko huɗu a jere. Wurin da take hawa kuma a toshe shi, ko a sare reshen in mai gida ya yarda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kazar da ta shekara a kan mangwaro ta fi wuyar juyawa.

Daga ƙarshe, a ƙirga su kowane dare kafin a saka sakata.

Ribar da ke ciki

Kazar da take kwana a hannunka ita kake iya yi wa rigakafi. Cutar Nukasil, wadda takan share kajin unguwa musamman lokacin hunturu, ba ta da magani sai rigakafi, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, Jihar Filato, tana yin irin wanda ake ɗigawa a ido ko a zuba a ruwan sha. Sai a tuntuɓi ofishin malamin dabbobi mafi kusa. Haka nan sabuwar kaza daga kasuwa a ware ta mako biyu kafin a haɗa ta da na gida. Bugu da ƙari, sagarar da ta saba da akurki a ciki za ta yi ƙwai, ba a jejin bayan gida ba, kashin kuma ya zama takin lambu.

Jama'a, ina roƙon wanda ya ji ya sanar da wanda bai ji ba, musamman iyaye mata da suke riƙe da yawancin wannan kiwo. Allah ya sa albarka a abin da muke kiwatawa, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wassalamu alaikum.