Kwamfutarki ba ta mutu ba

Ɗazu wata ƙanwarmu ta ce ta je sa Ubuntu a sabuwar kwamfutarta, allo ya yi baƙi ƙirin, ga memuwar ɗinta na jami'a a ciki.

Ƙanwata, kada ki goge komai tukuna. Fara neman lambobin BitLocker ɗinki, guda 48 ne, ki rubuta su a takarda, don in kika taɓa BIOS babu su, Windows na iya rufe miki ƙofa. Kwashe memuwar ɗin zuwa wata kile. Sannan ki koma GRUB, danna e, ƙara nomodeset bayan quiet splash, danna F10. Sau da yawa katin hoto ne ya fi direbansa sabunta.