Zaman Gida Bayan Barin Aiki: Jawabi ga Ma'aikata da Iyalansu

 Jawabin yau a kan wani al'amari ne wanda kowane ma'aikaci zai tarar da shi in Allah ya yi masa tsawon rai, watau ranar da za a ce ya ajiye aiki ya zauna gida. A ƙa'idar aikin Gwamnati, mutum ya kan yi ritaya in ya cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Ranar sananniya ce tun daga ranar da aka ɗauki mutum aiki, amma duk da haka sau da yawa sai ta zo wa gida kamar baƙon dare. Dalili kuwa shi ne, maigida ya kan ɗauka ritaya tasa ce shi kaɗai, alhali kuwa ta mutum biyu ce, shi da matarsa.

Zariya gari ne na ma'aikata tun da daɗewa. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, Kwalejin da a ke kira Barewa ta komo Zariya a 1949, sa'an nan aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Waɗannan wurare sun tara akawuna da malamai da masu ɗab'i da ma'aikatan asibiti, da yawansu kuwa suka kafa gidajensu a Tudun Wada da Tukur-Tukur da Tudun Jukun. Saboda haka da wuya a ratsa layi ɗaya a unguwannin nan ba a wuce ƙofar tsohon ma'aikaci ba. To, bari a ɗauki misalin gida ɗaya a Tudun Jukun, na wani tsohon akawu da uwargidansa, a ga yadda su ke tafiyar da zamansu.

Yadda yini ke tafiya

Malam ya kan tashi da asuba kamar yadda ya saba tun yana aiki. In an idar da salla ya zauna masallaci ya yi wuridi har gari ya waye, sa'an nan ya biya ya gai da wani abokinsa da ke kwance. Kafin ya komo Hajiya ta riga ta dama koko, ta ba kaji dusa, ta tsince ƙwai. Su karya kumallo tare, abin da suka shekara talatin ba su samu ba sai ran Asabar da Lahadi.

Amma ba haka zaman ya fara ba. A watannin farko Malam ya rasa inda zai sa kansa. Mutumin da ya saba da masinja da takardu, sai ga shi ba wanda zai ba umurni sai mutanen gida. Ya shiga leƙen tukunya, yana tambayar inda manja ya tafi, yana ƙirga ashana. Ran nan Hajiya ta ce masa, "Malam, shekara talatin ina riƙe da gidan nan kana ofis, bai rushe ba. In aiki ka ke nema, ga littafi ga alƙalami, zo mu yi lissafi tare." Malam ya yi shiru, can ya ce, "Kin yi gaskiya, Hajiya." Daga ranar aka raba aiki. Shi ke zuwa kasuwar Tudun Wada sayen hatsi, shi ke biyan kuɗin lantarki da na mai ruwa, ita kuwa madafa da kiwo suna hannunta. Ran ɗaya ga wata su zauna su buɗe littafi.

Maganar kuɗi

A nan ne gidaje da yawa su ke tuntuɓe, don haka ya kamata a san yadda tsarin ya ke. Tun daga dokar fensho ta 2004, wadda aka sake a 2014, ma'aikaci yana da asusu na kansa. Kowane wata a kan cire kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, a zuba a asusun, wani kamfani kuwa yana juya kuɗin a ƙarƙashin kulawar Hukumar Fensho ta Ƙasa. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2016, ta fara aiki da ita a farkon 2017. Wanda ya fara aiki tun kafin sabon tsari yana da haƙƙinsa na shekarun baya, kuma sai an lissafa shi an zuba a asusun tukuna a ke fara biyansa. Wannan ya kan ɗauki watanni. Gidan da bai tanadi hatsi da ɗan abin hannu ba, a wannan tsakani ne ya ke cin bashi.

In kuɗi sun kammala, a kan ba mutum wani kaso a dunƙule, sauran kuwa ya zaɓi ɗaya cikin hanya biyu. Ta farko, kamfanin fensho ya riƙa biyansa wata-wata daga asusunsa, in ya rasu abin da ya rage na magada ne. Ta biyu, ya miƙa kuɗin ga kamfanin inshora, su biya shi muddin ransa. In ya rasu kafin shekara 10, a ba magada cikon shekarun, in kuwa ya wuce shekara 10, babu sauran abin gado a ciki. Kowace hanya da amfaninta, amma lalle zaɓin ya shafi matar da za a bari, don haka bai kamata a sa hannu a takarda ba tare da an yi shawara da ita ba.

Da kuɗin dunƙule suka shigo hannun Malam, sai ga masu ba da shawara sun yi sallama. Wani ya ce a sayi motar haya, wani ya ce lokacin ƙarin aure ya yi, wani kuma ya zo da labarin kamfanin da ke ninka kuɗi cikin wata guda. Malam ya tuna yadda MMM ta rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016, dukiyar bayin Allah ta salwanta. Hajiya ta ce, "Malam, wannan kuɗi ba riba ba ce, guzuri ne, kuma ba mu san tsawon tafiyar ba." Suka gyara rufin ɗaki da ke yoyo, suka kewaye ɗakuna biyu na waje suka ba ɗalibai haya, suka sayi kaji masu ƙwai irin waɗanda Cibiyar Binciken Dabbobi ta Shika ta fitar, da a ke kira Shika Brown. Sauran suka ajiye don rashin lafiya. Sa'ad da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, farashin kome ya tashi, kuɗin ƙwai da na haya su suka riƙe tukunyar gidan.

Takardu

Akwai wata jaka a ƙarƙashin gadon Malam. A ciki akwai takardar ɗaukarsa aiki, da ta ƙarin girma na ƙarshe, da ta ritaya, da lambar asusun fensho, da katin ɗan ƙasa, da takardun gida. Hajiya ta san jakar, babban ɗansu ma ya sani. Wannan ba fatan mutuwa ba ne, hankali ne. Mata nawa ne suka fita takaba suka tarar ba su san ko sunan kamfanin da ke riƙe da kuɗin mijinsu ba? Haka kuma a kan kira 'yan fensho tantancewa lokaci-lokaci, wanda bai amsa ba kuwa a na iya tsayar da kuɗinsa. Amma a yi hattara: ma'aikacin gaskiya ba zai bugo waya ya nemi lambar sirri ta katin banki ba. Duk wanda ya nema, ɓarawo ne.

Lafiyar jiki

Hawan jini da ciwon sukari ba su yin sallama kafin su shiga, kuma sun fi samun wanda ya daina motsi. Malam ya kan taka da ƙafa da la'asar, Hajiya ta rage gishiri da dunƙulen miya, kuma sau ɗaya a wata su je ƙaramin asibiti a auna su. Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi. Asibitin Koyarwa na Jami'a ya koma Shika tun 2005, zuwa can kuwa na bukatar kuɗin mota da yini guda, don haka gara a tare ciwo tun yana ƙarami. Jihar Kaduna tana da hukumar taimakekeniya ta kiwon lafiya, wadda aka kafa da dokar 2018, kuma ya kyautu mai shirin ritaya ya je ya tambayi yadda zai shiga da iyalinsa.

Zama da jama'a

Da tsohuwar zuma a ke magani. Malam ya kan rubuta wa maƙwabta takardun koke da na neman aiki, yana cikin kwamitin gyaran masallaci da magudanar ruwa, in damina ta faɗi kuma ya kan leƙa 'yar gonarsa ta masara a bayan gari. Hajiya tana zuwa Islamiyya, ita ke riƙe da adashin matan layi, jikoki kuwa su na zuwa hutu su cika gidan da hayaniya. 'Ya'ya su kan aiko da abin da ya sawwaƙa, a karɓa a sa musu albarka, amma ba a ɗora tukunya don jiran saƙonsu, gama su ma suna da nasu nauyin. Da dare, in an yi sallar lisha, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a kunna rediyo, a yi hirar duniya.

To, jama'a, abin lura a gidan nan shi ne, ba yawan kuɗi ya zaunar da shi lafiya ba, gama fenshon Malam bai kai albashinsa na da ba. Abin da ya riƙe shi, babu abin da ɗaya ya sani game da kuɗi da takardu da lafiya wanda ɗayan bai sani ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukan jinka. Ma'aikacin da ya rage masa shekara biyar, ko ma goma, ya kamata daren yau ya kira matarsa ya faɗa mata ranar da zai bar aiki, da abin da ke cikin asusunsa, da inda takardu su ke. Allah ya sa a gama aiki lafiya, ya ba da tsufa mai albarka. Wassalam.