GUBA A CIKIN ƘASA: DARASIN ZAMFARA GA MUTANEN ILLELA



Batun da muka zo da shi bana shi ne lafiyar ƙasar da muke nomawa, wadda 'ya'yanmu ke wasa a kanta. Gari ba sai yana da masana'antar maganin ƙwari ba kafin ƙasarsa ta gurɓace. Tsohon sito da durom ya tsiyaye a cikinsa, ko bakin rijiyar da ake wanke injin feshi, ya isa. Magunguna irin su DDT da gamalin suna shekaru a cikin ƙasa ba su ruɓe ba, su bi ruwa, su shiga kifi da nono. Shi ya sa Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta taƙaita amfani da DDT, sannan a 2009 aka saka sinadarin gamalin cikin waɗanda za a kawar.

Abin da ya faru a Zamfara, wadda tana cikin Jihar Sakkwato har 1996, ya ishe mu darasi, ko da yake tasu gubar ta dalma ce daga dutsen zinariya. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Likitocin ƙungiyar MSF suka nuna cewa magani ba ya amfani muddin yaro zai koma ya zauna a kan gurɓatacciyar ƙasa. Saboda haka aka bi gida gida ana kankare saman ƙasa kimanin santimita 5, a kai ta rami na musamman a binne, a zubo sabuwa. Bagega ba ta samu wannan aiki ba sai 2013, domin jiran kuɗi.

Don haka muna roƙon wannan ƙungiya abubuwa uku. Na farko, a kafa kwamiti tare da masu unguwanni, ya tantance tsofaffin wuraren ajiyar maganin feshi da inda ake zubar da jarkokinsa. Na biyu, a nemi masana daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su gwada ƙasa da ruwan wuraren, a kai sakamakon ga hukumar NESREA. Kafin nan a killace su, kada kowa ya tona ko ya ƙone. Na uku, a faɗakar da manoman Kalmalo da 'yan kasuwa, har da 'yan uwanmu na Ƙonni, cewa jarkar magani ba ta zama ta ruwan sha ko ta mai.

Mu da muke birni mu ne kusa da ofisoshi da ɗakunan gwaji, nauyin kai wannan kuka yana wuyanmu. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya kare zuriyarmu, Ya albarkaci ƙasar Illela.